Tatsuniya a Allon Majigi: Nazari a kan Ayyukan Moustapha Alassane

Yaron da ke kallon majigin zane na Japan a wayar yayansa a Rafin Guza, Kaduna, da wuya ya san cewa ƙasar Hausa ta taɓa samun gwaninta a wannan fanni. Gwanin kuwa shi ne Moustapha Alassane na Jamhuriyar Nijar, wanda aka haifa a 1942, wato tsaran Hayao Miyazaki na Japan, haifaffen 1941.

Alassane ya fara ne da aikin kanikanci. Ya koyi ɗaukar fim a Yamai a hannun Jean Rouch, sannan ya tafi Kanada inda ya ƙaru da Norman McLaren. Manazarta sukan tsaya ga yabonsa a matsayin ɗaya daga cikin majagaban zane mai motsi a Afirka. Amma zuwa da wuri kaɗai bai isa ma'aunin fasaha ba.

Abin lura shi ne yadda ya ɗauko dabarar tatsuniya, wato sanya dabba ta faɗi abin da mutum ke shakkar faɗa a gaban mai mulki. Alal misali, a Bon Voyage Sim na 1966, shugaban ƙasar kwaɗi ne ya kai ziyara maƙwabciyar ƙasa. Cikin mintoci kaɗan, da zanen layi baƙi a kan fari, aka zolayi faretin girmamawa da shagulgulan sababbin shugabanni, shekara shida kacal bayan samun mulkin kai. A Kokoa kuwa, 'yan tsanan dabbobi ne ke kokawar gargajiya a gaban 'yan kallo. Ƙarancin kayan aiki bai rage wa habaicin kaifi ba, domin ita ma tatsuniya murya kaɗai take bukata.

Rauni yana wani wuri dabam. Miyazaki da abokansa sun kafa Studio Ghibli a 1985, aka sami gida mai horar da masu zane. Alassane kuwa ya zauna a Tawa yana aiki kusan shi kaɗai. Da ya rasu a Wagadugu a 2015, sana'ar ba ta kafu a bayansa ba.

Saboda haka wajibi ne sassan Hausa na jami'o'i su sanya waɗannan finafinai cikin darasin adabin baka, kusa da labaran Gizo, domin can ne asalinsu.