Gwanintar Masu Farfaɗo da Injin Tsohuwar Ƙaramar Tarakta

A ƙananan garuruwan Amurka akwai mutanen da ba sa iya wuce tsohuwar taraktar lambu a yashe. Ko da ta shekara hamsin, tsatsa ta cinye fentinta, ɓeraye sun yi sheƙa a jikin injinta, sai su saya su kai gida. Su kwance injin ɗaiɗai, su auna, su gyara, su ɗaure. Bayan 'yan makonni sai ka ji ta tana ruri, tana jan garma kamar ba ta taɓa kwanciya ba. Wannan aiki ya cancanci yabo, domin duk sirrinsa awo ne da haƙuri.

Waɗannan ƙananan taraktoci sun yaɗu ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da Amurkawa da yawa suka koma gidaje masu faɗin fili. Elmer Pond ya fara ƙera nasa a South Bend ta jihar Indiyana a 1946, su ne aka sani da Wheel Horse. Kamfanin International Harvester ya fito da Cub Cadet a farkon shekarun 1960, John Deere kuma ya biyo da samfurin 110 a 1963. Dukansu sun yi amfani da injin Kohler na jerin K, mai silinda ɗaya, wanda iska ke sanyaya shi. Akwai K181 mai ƙarfin doki 8, da K241 mai 10, da K301 mai 12, har zuwa K341 mai 16.

Abin da ya sa injin nan ke karɓar gyara shi ne bulonsa na zubin ƙarfe ne mai kauri. Idan ramin silinda ya cinye, akwai sauran nama da za a yanka a faɗaɗa shi, a sa fistin da ya ɗara na asali girma. Maƙeran sun tanadi fistin mai ƙarin inci 0.010, da 0.020, da 0.030. Ke nan tun daga masana'anta an shirya cewa injin zai tsufa, a sabunta shi, ya sake tsufa, a sake sabunta shi.

Gwani ba ya fara aiki da sifana. Sai ya saurari injin tukuna, in yana tashi. Shuɗin hayaƙi na nuna baƙin mai yana haurawa sama yana ƙonewa, wato ringi ko silinda sun gaji. Ƙwanƙwasa daga ƙasa kuwa alama ce ta kwanarod ya yi sako-sako a kan karanshaf, kuma idan aka ƙyale shi zai tsinke ya fasa bulo. Daga nan sai ya tsiyaye mai, ya cire fulawil da na'urar zare shi, ba da guduma ba. Kowane noti yana da gwangwaninsa, kowane bawul ana yi masa alamar ramin da ya fito.

Bayan wanki sai awo, kuma a nan ake bambanta gwani da mai kame-kame. Silinda ba ta cinyewa daidai wa daida: samanta, inda wuta ke tashi, ya fi ƙasanta ci, kuma ramin yakan ɗan bar da'irarsa. Don haka ake auna ta sama da tsakiya da ƙasa, ta fuska biyu, da ma'aunin da ke gane bambancin da bai kai kaurin gashin kai ba. Haka ake auna wuyan karanshaf. A wannan inji kwanarod na alminiyom ne, yana juyawa kai tsaye a kan wuyan ba tare da mital ba. Idan wuyan ya goge, sai a kai wa mai injin wasa ƙarfe ya rage shi da inci 0.010, a samo kwanarod da ya dace da sabon awon.

Ko an yanka silinda ko ba a yanka ba, sai an goge cikinta da duwatsu na musamman har siraran zane masu gittayya su fito. Waɗannan zane su ke riƙe mai, su ne kuma ke sa sabon ringi ya zauna. Kowane ringi sai an zura shi cikin silinda shi kaɗai an auna giɓin bakinsa. In ya yi matsi, zafi zai buɗa shi bakunan su haɗu ya karye. In ya yi faɗi, ƙarfi ya zurare. Bawul kuma ana shafa masa man gurza, a murza shi a mazauninsa da hannu, a ɗaga, a sake murzawa, har zobe mai launin toka ya zagaye shi ba yankewa.

Wajen ɗauri akwai ƙananan abubuwa da kuskure ɗaya a cikinsu ya isa ya rusa aikin mako guda. Injin ba shi da famfon baƙin mai. Wani ɗan cokali ne a gindin kwanarod ke tsoma kai cikin baƙin mai yana watsa shi ko'ina, kuma akwai ƙaramin rami a murfin kwanarod da dole ya fuskanci kamshaf, in ba haka ba mai ba zai isa wuyan karanshaf ba. Alamar da ke kan haƙoran karanshaf sai ta yi daidai da ta kamshaf. Giyar gwamna, mai hana inji gudun wuce kima, tana can ciki, shi ya sa mai hankali ke canza ta tun injin na buɗe. Kusoshin kan silinda ana ɗaure su bi da bi da sifana mai awo, a sake bin su bayan injin ya yi zafi ya huce. Kwantak kuma a buɗa shi inci 0.020.

Ranar tayarwa ma gwani ba ya gaggawa. Yakan bar injin ya yi aiki mai sauƙi, ya zubar da man farko bayan kamar awa 5, domin a cikinsa ne ɓurɓushin ƙarfen da sabon ringi ya goge ke taruwa.

Ilimin nan ba baƙo ba ne a wajen makanikanmu. Injin ban ruwa na fadama da ƙaramin janareto galibi silinda ɗaya gare su, iska ke sanyaya su, kuma fistin da ringi da bawul iri ɗaya suke aiki. Wanda ya iya auna silindar Kohler zai iya auna tasu. Saboda haka ina kira ga iyayen gida a gareji su koya wa yaransu riƙon ma'auni kamar yadda suke koya musu riƙon sifana, masu inji kuma su ba makaniki lokacin da awo ke buƙata. Injin da aka ɗaure bisa awo yakan yi shekaru yana aiki, wanda aka ɗaure da ka kuwa ba ya daɗewa sai ya dawo gareji.