Idon da Ke Karanta Tsinken Fitsari

Idan jiki ya rasa sukarin da zai ƙona, sai ya juya kan kitse. Hanta ce ke sarrafa shi, ta zubo wasu sinadarai uku cikin jini, waɗanda likitoci ke kira kiton. Mai azumi ma yana samar da su kaɗan, kuma ba komai. Amma mai ciwon suga da insulin ya yanke masa, taruwa suke yi har jininsa ya yi tsami, ya riƙa jan numfashi mai zurfi, bakinsa na warin kayan marmarin da suka nuna suka wuce. Irinsa ne ake kawowa a galabaice daga Kiyawa ko Jahun zuwa asibitin Rasheed Shekoni a Dutse.

A nan nake sara wa ma'aikacin ɗakin gwaji. Mai kallo zai ce ai tsoma tsinke ne cikin fitsari, a jira ya koma shunayya. Tushen dabarar ma tsoho ne, tun 1908 wani masani mai suna Rothera ya bayyana shi. Sai dai gwani ya san tsinken wani kamfani daƙiƙa 15 ake ba shi, na wani 40, kuma wanda ya tsaya hira launin ƙarya zai karanta. Ya san kwalbar tsinkayen da aka bari a buɗe cikin zafin bazarar Jigawa ko danshin damina ta tashi aiki. Yakan tambaya ko majinyaci na shan captopril na hawan jini, don yana rina tsinke ba tare da kiton ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne sanin iyakar tsinken. Cikin ukun nan, asitowasitet yake gani sosai, alhali wanda ya fi yawa lokacin da ciwo ya tsananta, wato bita-haidiroksibutiret, ba ya ganin sa sam. Shi sai a ɗigon jini, kuma in ya haura 3 a ma'auni, lamari ya ɓaci. Da an sa ƙarin ruwa da insulin, sai wannan ɓoyayyen ya riƙa rikiɗa zuwa wanda tsinke ke gani. Launi ya ƙara duhu, hankalin 'yan jinya ya tashi, alhali sauƙi ne ya fara samuwa. Gwanin kan dubi sukarin jini, ya dubi yadda numfashi ya lafa, sannan ya kai wa likita sakamakon da bayaninsa.