2.4 Waiwaye a Kan Ayyukan Besmer Game da Girka

Daga cikin ayyukan da suka taɓo warkarwa cikin taro a ƙasar Hausa akwai na Fremont Besmer (1977 da 1983), wanda ya nazarci bori a Ningi da Kano. Marubucin ya yi ƙoƙari ainun wajen bayyana girka, wato yadda ake killace wanda iskoki suka taɓa, a yi masa magani da kiɗan garaya ko goge a tsakanin waɗanda suka taɓa shiga irin halinsa. Ya kuma nuna cewa mai jinyar yakan fito a matsayin doki ko goɗiya ta iskoki. Ke nan magani da shiga sana'a a lokaci ɗaya suke aukuwa.

Sai dai kuma aikin ya fi ba da ƙarfi ga makaɗa da tsarin iskokin Jangare. Bai zurfafa ba a kan abin da wannan sabon suna yake jawo wa mai shi a wurin da aka rarraba masu magani hawa-hawa. Malami mai rubutun sha yana da mutunci a zaure, wanzami da maɗori suna tinƙaho da gado, likita yana da takardar shaida. Ɗan bori kuwa, taron da ya warkar da shi, shi ne ya zame masa abin gori.

Wannan giɓi ya fi fitowa fili idan aka dubi Jabo ta ƙasar Tambuwal, wadda take kusa da cibiyar jihadin 1804. Kamar yadda Jean Boyd (1989) ta nuna, Nana Asma'u (1793-1864) ta kafa 'Yan Taru, inda jajoji suke zagayawa ƙauyuka suna karantar da mata. Hakan ya samar wa mata wata mahaɗa da ba ta bori ba. Alal misali, matar da ta rasa ɗa ko ta ƙuntata a gidan miji tana iya samun 'yan'uwa masu saurarenta ba tare da ta zubar da ƙimarta ba.

Saboda haka ba a ɗaukar sakamakon Ningi da Kano a ɗora wa Jabo kai tsaye. A nan ne wannan bincike ya sha bamban da na Besmer, domin zai duba wane taro ne jama'a suka yarda ya yi magani, kuma da wane suna suke kiran mai jagorantarsa.