Milimita Huɗu da Rabi

Kaduna gari ne mai diga iri biyu. Tsohuwar, wadda ta ratsa tashar Kaduna Junction a kudancin kogi, inda layin Fatakwal ya zo ya tarar da na Legas zuwa Kano a 1927, faɗinta milimita 1,067 ne. Ta Rigasa zuwa Abuja da aka buɗe a 2016 kuwa milimita 1,435. Jirgin wannan ba ya hawa waccan.

Wannan bambanci yana bin masu harhaɗa ƙananan jiragen ƙasa masu gudu da lantarki a kan tebur, sha'awar da ta yi ƙarfi a Ingila da Jamus da Amurka. Girman da ya fi yawa a kasuwa, wanda suke kira HO, kashi ɗaya ne cikin 87 na jirgin gaske, digarsa milimita 16.5, daidai da ta Rigasa ke nan in an rage ta haka. Mai son kwaikwayon jirgin da ke bi ta Makera da Kakuri, digar milimita 12 yake buƙata. To, sai ya matse ƙafafun kan jirgin da milimita huɗu da rabi.

A baki abin wasa ne. Amma tsakanin ƙafafun ba fili ba ne: akwai haƙoran giya, akwai gangar jikin da ke riƙe da inji. Dole a bi su da magagari a rage, sannan a tura kowace ƙafa ciki a kan sandarta, ana yi ana aunawa. Ta ɗan karkace, jirgi ya riƙa ɗingishi. In samfurin mai kwal ne aikin ya ƙaru, don maƙalar sandunan da ke haɗa ƙafafun dama tana gaban ta hagu da rubu'in zagaye, kuma dole kowane jeri ya zo daidai da ɗan'uwansa, in ba haka ba ƙafafun su cije.

Ni dai inda gwani ya fi burge ni wajen wuta ne. Babu batir a cikin jirgin. Ta diga yake shan wutarsa, kamar bolt 12, ta shiga ta ƙarfen dama ta fita ta na hagu. Shi ya sa ake sa 'yar roba a cibiyar ƙafa, kada sanda ta haɗa ɓangarorin biyu. Juya ƙafa ɗaya kurum bisa kuskure ya isa ya kashe wutar layin gaba ɗaya.

Daga ƙafa zuwa inji, wasu siraran wayoyin tagulla ne ke gogar bayan ƙafafun suna ɗebo wutar. Tunda ƙafafu sun matsa, tsofaffin ba su da sauran amfani. Gwani zai yanko sababbi, ya liƙa su da dalma, ya lanƙwasa kowace da hantsaki, irin zaman mai gyaran agogo. Ta danna da yawa, ta zama birki. Ta yi sako-sako, jirgi ya tsaya cak a kan 'yar ƙura, balle a garin da hunturu ke baɗe komai.

Ba a gwada aikin da gudu, don ko gurgun jirgi yana wucewa in an sakar masa wuta. Rage ta ake yi har ƙasa, a bar shi ya rarrafa ya tsallake mararrabar diga, fitilarsa ba ta ƙifta ba.