Makarantar "International" da Hausar Zazzau

Jama'a, daga Ikara zuwa Makarfi har Hunkuyi, yanzu makarantun kuɗi suna son liƙa "International" a allonsu. Ba laifi. Matsalar tana cikin manhaja: Turanci kullum, Hausa kuwa sai in an samu sarari. Wani wurin ma har tara ake cin yaro in ya yi ta.

Hujjarsu wai ai yaro ya iya Hausa tun daga gida. To, magana daban, rubutu daban. Mu Zazzagawa muna cewa "rigan Audu", "matan Bala". A daidaitacciyar Hausa kuwa "rigar Audu", "matar Bala" ne. Yaro ya rubuta "matan Bala" a NECO, ya aurar wa Bala mata da yawa ke nan! Haka "baki" da "baƙi", da "yace" maimakon "ya ce". In ba a aji ba, ina zai koya?

Farfesa Babs Fafunwa ya gwada a Ife daga 1970: yaran da aka koyar da su da Yarbanci shekara 6 ba su gaza a Turanci ba.

Iyaye, kafin ku biya kuɗin zango, ku tambaya: darasin Hausa nawa ake yi a mako, kuma wa ke koyarwa?