Ɗaure Fuska a Teburin Raha

A shekarar 1974 wani ɗan ƙaramin kamfani mai suna TSR, a garin Lake Geneva da ke jihar Wisconsin ta Amurka, ya fitar da wasu littattafai uku cikin kwali ɗaya da sunan Dungeons & Dragons. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka tsara su, kuma abin da ke ciki dokoki ne na yadda mutane za su taru su ƙaga labari tare. Mutum huɗu ko biyar su kewaye tebur, kowa ya ɗauki jarumi guda, wannan mayaƙi, wancan matsafi. Mutum ɗaya kuma ya zama jagora: shi ne zai faɗi abin da jaruman suke gani, shi ne bakin sarki da bakin dodo da na mai gadin ƙofar gari. Idan wani ya ce zai tsallake rijiya ko zai yaudari sarki, sai a jefa dayis, irin na ludo amma wani mai fuska ashirin, lambar da ta fito ita za ta raba gardama. Kusan tatsuniya ce wadda masu sauraro suka ƙwace rabin bakin mai bayarwa.

Wanda ya kalli bangon littattafan wasan, da takubba da macizai masu aman wuta, zai zaci harka ce ta ba sani ba sabo. Amma tun daga tushe akwai zolaya a ciki. Wani babban matsafi mai suna Drawmij, sunan abokin wasan Gygax ne, Jim Ward, aka karanto daga ƙarshe. Tenser kuwa haruffan sunan ɗansa Ernest ne aka cakuɗa. Wasu dodannin da yau ake yi musu zane mai ban tsoro, irin wanda yake taɓa ƙarfe ya zama tsatsa, an samo siffarsu ne daga 'yan kayan wasan yara na roba masu araha. Akwai ma wani dodo mai kama da daskararren ruwa, mai kusurwa huɗu, faɗinsa ƙafa goma, daidai faɗin lungunan da ake zanawa a takarda mai gida-gida. Wato dodon da aka yi wa awo da takardar zane. Wanda ya ƙirƙiro wannan ba zai ce bai yi murmushi ba.

Shekara guda bayan haka, a 1975, Ken St. Andre na birnin Phoenix a jihar Arizona ya karanta dokokin, ya ga sun yi masa nauyi da ruɗani, ya rubuta nasa, Tunnels & Trolls. Ya watsar da dayis masu fuskoki barkatai ya tsaya kan na yau da kullum mai fuska shida, sa'annan ya laƙa wa tsafe-tsafen wasan sunaye na ba'a. Tsafin warkar da rauni, alal misali, sunansa irin kalmar lallashin da uwa take yi wa yaro ne in ya faɗi ya ƙuje gwiwa. Har yau akwai masu jin wannan ya zubar da kwarjinin wasan, akwai kuma waɗanda saboda shi ne suka riƙe shi. Daga nan reshen barkwanci ya tsiro, kuma tambayar da ta biyo shi ba ta canza ba: idan ana son tebur ya cika da dariya, mene ne aikin jagora?

Amsar da sabon jagora yake fara kaiwa gare ta ita ce ya zama ɗan kama, ya kwana yana tara abubuwan ban dariya ya zo ya juye wa jama'a. A ganina nan ne kuskuren yake, kuma TSR kanta ta bar mana misalai biyu da za a auna. A 1983 Gygax ya fitar da Dungeonland, inda ya kwashe halittun labarin Alice na Lewis Carroll ya zuba su cikin wasan. Wauta ce tsantsa, zomo mai agogo da shan shayi na mahaukata, amma kowane ɗayansu yana iya hallaka jarumi, domin an tsara wurin ne don ƙwararrun jarumai. Ɗan wasa yana dariya yana duba sauran ransa a takarda. A 1988 kuma, bayan Gygax ya bar kamfanin, aka fitar da Castle Greyhawk, marubuta daban-daban kowa da hawansa, an cika shi da kwaikwayon fina-finai da wasa da kalmomi. Masoya wasan da yawa suka juya masa baya, wasu ma suka ɗauke shi shaguɓe ne ga Gygax. Ko an ajiye zancen shaguɓe gefe, aibinsa a bayyane yake: marubuci ya riga ya gama dariyarsa a takarda, bai rage wa 'yan wasa komai ba sai su bi ɗaki-ɗaki suna kallo.

Bari mu matso kusa da tebur. A ce jarumai uku sun kashe dodon da ya addabi wani gari, sun ɗauko kansa a kan jaki, sun iso ƙofar gari da la'asar don karɓar tukuicin sarki. Jagora ya gyara zama, ya sauya murya zuwa ta wani malamin haraji mai littafi a hannu.

"Sannunku da hanya. Wannan kaya na sayarwa ne ko na ci?"

Mai riƙe da mayaƙi ya ce, "Malam, kan dodo ne. Mu ne muka kashe shi."

"Madalla. Ina takardar shaidar cewa dodon ya mutu?"

"Ga kansa kana gani!"

"Kai na gani, ranka ya daɗe. Takarda nake tambaya. Bara ma wani ya kawo kai, bayan kwana uku mai kan ya zo nemansa."

A nan jagora ya yi shiru. Bai yi dariya ba, bai ƙifta ido ba. Sai mai riƙe da matsafi ta ce za ta yi tsafi ta sa kan ya buɗe baki ya shaida mutuwarsa da kansa. Aka jefa dayis, tsafin ya ci. Yanzu jagora dole ya yi muryar kan dodo, kuma tunda dodon nan ba ya ƙaunar waɗanda suka sare shi, sai ya rantse lafiyarsa lau. Tebur ya kece.

Abin da jagora ya kawo daga gida kaɗan ne: mutum ɗaya mai ɗaukar aikinsa da muhimmanci fiye da kima. Malamin harajin ba ya wasa. A duniyarsa takarda gaskiya ce. Babbar dariyar daga 'yar wasa ta fito, kuma ta fito ne don an ba ta bango mai ƙarfi da za ta yi karo da shi. Da jagora ya sa malamin yana tuntsura dariya yana nuna ya san shirme yake yi, da ba wanda zai wahalar da kansa neman dabara. Fim ɗin Monty Python and the Holy Grail na 1975, wanda 'yan wasan Ingila da Amurka suka haddace har ya zama annoba a tebura, a kan wannan ya ginu. Sarki Arthur yana tafe ba doki, bara na binsa yana buga ɓawon kwakwa don kwaikwayon ƙarar kofato, amma fuskar sarki ba alamar wasa. Masu maimaita kalaman fim ɗin a tebur sun kwashi ɓawon sun bar ɗaure fuskar.

Sai dai ɗaure fuska kaɗai ba ya isa. Mutum ba zai yi wauta da jarumin da ya shafe wata shida yana renonsa ba, in ya san kuskure ɗaya zai kai shi kabari. Masu tsara wasannin raha sun gane haka da wuri, kuma kusan dukkan dabararsu ta tafi ne wajen rage tsadar faɗuwa. A Toon, wanda Greg Costikyan ya tsara, Steve Jackson Games ta buga a 1984, jarumai 'yan katun ne, ba sa mutuwa. Wanda ƙarfinsa ya ƙare sai ya faɗi, ɗan wasan ya zauna minti uku na agogo, ya dawo garau. A shekarar dai West End Games ta fitar da Paranoia, wanda ba na takobi da tsafi ba ne, na wani birni ne da wata kwamfuta mai taɓin hankali take mulki, amma darasinsa ya shafi kowa: ana ba kowane ɗan wasa kwafin jaruminsa guda shida, in an harbe ɗaya a turo na gaba. Wasan Kobolds Ate My Baby! na 1999 ya mai da mutuwar ma abin jira, da jadawalin munanan hanyoyin halaka, da dokar cewa duk lokacin da aka ambaci sunan sarkinsu Torg dole kowa ya ɗaga murya ya yi gaisuwa, wanda ya manta ya matso kusa da ajalinsa. Wannan doka ta ƙarshe tana burge ni, domin ta ɗauke nauyin ban dariya daga kan jagora ta raba wa bakin kowa.

Faɗuwa mai arha ba tana nufin faɗuwa marar sakamako ba. Kan dodon nan da ya rantse yana raye, gobe ma yana nan. Watakila ya kai ƙara gaban alƙali, watakila sarki ya ba shi sarauta. Jagora nagari yakan rubuta irin wannan a gefen takarda, ya dawo da shi bayan mako uku lokacin da kowa ya manta. Dariya ta biyu takan fi ta farko, don 'yan wasa sun gane duniyar tana riƙe abin da suka aikata.

Akwai wata al'ada da nake da ja a kanta. A dayis mai fuska ashirin, lamba ɗaya takan fito sau ɗaya cikin ashirin, kuma tebura da yawa sun mai da ita lokacin tozarci: mayaƙi ya soki ƙafarsa, maharbi ya harbi abokinsa. Dokokin bugu na biyar na Dungeons & Dragons, na 2014, ba su ce haka ba; sun ce dai sara ya kuskure. Lissafin kuma bai goyi bayan al'adar ba, domin ƙwararren mayaƙi mai kai sara uku ko huɗu a zagaye guda ya fi sabon shiga yawan jefa dayis, don haka ya fi shi yawan sukar kansa. Sau ɗaya abin dariya ne. A karo na biyar ɗan wasan ya fara jin jaruminsa sakarai ne, shi kuwa gwarzo ya zo bugawa. Gara a bar jarumi da ƙwarewarsa a ɗora laifin kan duniya: takobi ya tafi daidai, amma a daidai lokacin ne jakin ya ga dama ya gitta. Mafi kyau ma jagora ya tambayi mai jarumin, "To, faɗa mana, yaya aka yi?" Mutane sukan yi wa kansu ba'ar da ba za su yarda wani ya yi musu ba.

Dokokin wasan raha sukan zama gajeru, saboda dariya ba ta jiran a buɗe shafi na ɗari biyu. Risus na S. John Ross, wanda ya fito a 1993 kuma kyauta ake samunsa, yana ba ɗan wasa dayis goma ya raba wa siffofin jaruminsa yadda ya ga dama, kuma idan ya yi faɗa da siffar da ba ta dace ba, a ce mai gyaran gashi ya tari mayaƙi da almakashi, ya kuma yi nasara, ɓarnar da zai yi ninki uku ce. Doka ce mai biyan lada ga wanda ya yi ƙarfin halin wauta. Honey Heist na Grant Howitt, na 2017, shafi ɗaya ne kacal: beyar ne suka shirya satar zuma, kowanne da ma'auni biyu, na dabbanci da na aikata laifi.

Masu sukar wannan reshe suna cewa raha ba ta ɗaukar doguwar tafiya, dare ɗaya ko biyu ta ƙare. Game da irin su Toon suna da gaskiya, kuma ba aibi ba ne. Amma The Adventure Zone ya nuna wata hanya. 'Yan'uwa uku na gidan McElroy da mahaifinsu sun fara shi a 2014 a matsayin shirin sauraro na shashanci da suke buga irin wannan wasa a cikinsa, har ɗayansu ya raɗa wa matsafinsa suna mai kama da na wani abincin Meziko. Kafin labarin farko ya kammala a 2017, masu sauraro kuka suke yi kan makomar waɗannan jarumai. Haka Terry Pratchett ya fara littattafan Discworld a 1983 da tsokanar labaran takobi da tsafi, ya ƙare yana rubutu kan mulki da adalci da mutuwa ba tare da ya daina ban dariya ba. Jarumin da aka daɗe ana dariya tare da shi ya shiga rai, kuma jagora yana bukatar kunnen da zai ji lokacin da tebur ya yi tsit, ya bar shirun ya zauna, kada ya yi saurin fasa shi da wata zolaya.

Wannan kunnen dai shi ne zai gaya masa lokacin da ba'a ta tashi daga kan jarumi ta sauka kan mai shi. Alamar ba ta ɓuya: mutum huɗu na dariya, na biyar ya sunkuyar da kai yana juya dayis a hannu. Jagora ba ya bukatar tsayar da wasa ya yi wa'azi. Yana da dukkan mutanen duniyar a bakinsa, sai ya sa malamin harajin ya waiwayo ga wanda ya fi kowa ƙyaƙyatawa, ya tambaye shi takardar jakin.