Foldseek: Gudu Akwai, Amma Kama Da Wane Ba Ta Wane

Tun da rumbun AlphaFold ya saki siffofin furotin sama da miliyan 200 a shekarar 2022, tsofaffin manhajojin kwatanta siffa suka shiga uku. DALI, wadda Liisa Holm da Chris Sander suka fitar a 1993, da TM-align ta 2005, duk suna aiki mai kyau, amma suna cin lokaci. Ba a ƙera su don bincika miliyoyi ba.

Ana cikin haka Foldseek ta fito daga ɗakin binciken Martin Steinegger na Jami'ar Ƙasa ta Seoul, aka wallafa bayaninta a mujallar Nature Biotechnology a 2023. Dabararta ita ce mayar da siffa rubutu. Kowane amino asid ana ba shi harafi ɗaya cikin haruffa 20 da suka kira 3Di, gwargwadon yadda ya zauna da maƙwabcinsa mafi kusa bayan furotin ya naɗe. Daga nan sai a bincika jerin haruffan kawai. Saurinta ya ninka na tsofaffin sau dubu 10 zuwa dubu 100, kuma kyauta ce a intanet. Ga ɗalibin da ba shi da babbar kwamfuta, wannan ba ƙaramin alheri ba ne.

To ina matsalar? Na farko, gudun nan da kuɗinsa. Masu ita da kansu sun rubuta cewa ƙarfinta wajen gano dangin furotin kaso 86 cikin 100 ne na DALI, kaso 88 na TM-align. Wato idan Foldseek ba ta samo komai ba, ba ka da hujjar cewa furotin ɗinka ba shi da dangi. Amma sau nawa ake rubuta “sabuwar siffa” bayan bincike ɗaya tak?

Na biyu, abin da ka zuba mata shi za ta tauna. Yawancin siffofin da ake kwatantawa yanzu hasashe ne, ba awon ɗakin gwaji ba. Sassan da makin pLDDT ɗinsu ya gaza 50 ba abin dogaro ba ne, kuma furotin ɗin Plasmodium falciparum, ƙwayar maleriya, cike suke da irin waɗannan sassa masu maimaita amino asid guda. Haruffan da aka ciro daga nan shirme ne kawai.

Na uku shi ya fi damuna: ɗaukar sakamako na farko a jeri a ce an gano aikin furotin. Dubi lysozyme da ke cikin hawaye da farin ƙwai, da alpha-lactalbumin na nono. Siffarsu kusan ɗaya ce. Amma na farko bangon bakteriya yake farkewa, na biyu kuwa taimakawa yake wajen haɗa sukarin nono. Makin TM da ya haura 0.5 yana nuna naɗi iri ɗaya ne, bai ce komai kan aiki ba.

Ra'ayina, Foldseek rariya ce, a tace da ita. Kafin bincike, yanke sassan da AlphaFold ba ta da tabbas a kansu. Bayan bincike, ɗauki 'yan sakamakon sama ka sake gwada su da DALI ko TM-align, ka duba da idonka ko amino asid ɗin da ke yin aikin suna nan a gurbinsu. Idan babu su, rubuta “sun yi kama” ka tsaya nan.